Wane mai rufi zan ba aikin gidana?

Malam, ka ce masu rufi uku sun ba ka farashi, kuma zuciyarka ta karkata ga mai arha. Dakata tukuna.

Ka nemi kowannensu ya nuna maka gidan da ya rufe shekara biyu ko uku da suka wuce, ba na watan jiya ba. Sabon rufi duk kyau gare shi, sai ya sha damina ake gane gwani. Ka shiga ciki ka duba silin ko akwai tabon ruwa, ka tambayi mai gidan ko da aka kira mai rufin gyara ya dawo.

Yawanci arhar nan a kaurin kwano take ɓuya. Mai kaurin milimita 0.45 da mai 0.55 a ido kusan ɗaya suke, amma ƙarkonsu ba ɗaya ba. A rubuta kaurin a takarda, da irin katakon, da ko za a shafa masa maganin gara. Yoyo kuwa ya fi fitowa a kwari, inda rufi biyu suka haɗu, da jikin bango. Tambayi kowane mai rufi yadda zai yi da wuraren nan. In ya fara kame-kame, ka sallame shi.

Kuɗi kuma kada ka biya duka tun farko. Riƙe kason ƙarshe sai an yi ruwa ka gani.