Ƙanena na Kaduna, ga amsar tambayarka kan tarhon intanet

Assalamu alaikum. Na ga saƙonka: ka gama Kadpoly, kana neman gurbin digiri na biyu a nan Ingila, kuma wani ofishi a Titin Ahmadu Bello ya ba ka kwangilar haɗa musu tarho ta intanet. Kana so ka sani ko za ka iya zuba komai cikin kwamfuta ɗaya, ka raba ta ɗaki-ɗaki da manhajar Proxmox, kowane ɗaki yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta, wadda ake kira VM.

Ba komai ba ne ke shiga.

Ƙwaƙwalwar tsarin, wato manhajar da ke sarrafa kira, Asterisk ko FreePBX, ta zauna a VM lafiya lau. Haka saƙon murya, da muryar nan mai cewa "danna ɗaya", da ajiyar bayanan kira. Saƙonnin SIP masu buɗe kira da rufe shi ba su da nauyi.

Muryar kanta ce mai fushi. Da G.711, wato tsarin mayar da murya zuwa lambobin kwamfuta, kowane kira na cin kilobit 64 a daƙiƙa, ana tura shi gutsure-gutsure duk bayan milisakan 20. Idan wata VM da ke maƙwabtaka ta shanye ƙarfin na'urar, gutsuren ya makara, sai ka ji Alhaji na cewa "Alo, muryarka na yankewa." Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin tafiya ɗaya ya wuce milisakan 150, shi ya sa nake keɓe wa VM ɗin murya nata rabon, ba na barin kowa ya taɓa. A wurin aikina na farko mun yi sakaci da wannan, ranar Litinin da safe duk kiran abokan ciniki ya koma kamar rediyon da batirinsa ya mutu, kuma har yau ina jin kunyar ranar.

Layin E1 kuwa, wato layin kamfanin tarho mai ɗaukar kira 30 a lokaci guda, ka bar shi a akwatinsa na ƙarfe, kada ka wahalar da kanka da cusa katin haɗa layin cikin VM. Suwic, wato akwatin da ke haɗa wayoyin tebur yana ba su wuta, shi ma ƙarfe ne, kuma a Kaduna dole ka sa shi bayan inbata, domin da an ɗauke wuta ofishin ya kurmance.

Don Allah ka riƙe wannan kwangila da hannu biyu kafin maganar biza. Nan Ingila za a kashe tsofaffin layukan tarho a ƙarshen Janairun 2027, kamfanoni na ta ƙaura zuwa intanet, kuma a ganawar ɗaukar aiki abin da ka taɓa haɗawa da hannunka suke fara tambaya. Idan ka gama, turo min zanen tsarin in duba maka. Ka gaishe da su Hajiya.