Shirya Bikin Ranar Haihuwa a Duniyar "Da A Ce"

Tambaya: Maigida, an ba mu aikin bikin zagayowar ranar haihuwa, baƙi talatin. Mai bikin yana son a yi kamar tarihi ya bi wata hanya daban da wadda ya bi. Na tara hotunan sarakuna, jirage da tutoci, amma na rasa ta inda zan fara.

Amsa: Yarona, ajiye hotunan nan tukuna. Kafin ka sayi ko salatif, ka zauna da mai bikin ku zaɓi abu ɗaya tak da ya sauya a tarihi, tare da shekararsa. Duk kayan da za su shiga ɗakin taron dole su zama sauyin nan ne ya haifar da su. In ka haɗa sarkin wani ƙarni da jirgin wani ƙarni, baƙi tarkacen kayan da kawai za su gani, labarin ba zai fito ba.

Ga wani misali da ke da daɗin aiki. Charles Babbage, mutumin Ingila, ya tsara injin lissafi mai tafiya da faifan ƙarfe masu haƙora. A 1837 ya bayyana tsarin babban injinsa da ake ba umarni da kati mai huji. Gwamnati ta yanke tallafin aikinsa a 1842, ya mutu a 1871 bai kammala ba. To ku ce gwamnati ta ci gaba da biya, aka gama injin, duniya ta sami kwamfuta tun ana kwana da fitilar mai. Daga nan komai zai biyo da kansa.

Katin gayyata ka yi shi da kwali mai kauri, ka huda masa layuka da abin huda takarda, ya zama shi ne shaidar shiga. A raba shi saura mako 3. Ka rubuta sauyin a jimla ɗaya, ka roƙi kowa ya zo da abu ɗaya kawai, hula ko agogon aljihu ko tabarau. In ka ce a yi cikakkiyar shiga, wasu za su ji nauyi su ƙi zuwa. Ka tanadi irin waɗannan kayan guda 10 a bakin ƙofa domin waɗanda suka zo haka.

Inda za ka fi zuba ƙarfinka shi ne jaridar bikin, domin ita ce ke yi maka bayani ba tare da ka buɗe baki ba. Shafi ɗaya a takardar A3, mai ɗauke da kwanan watan bikin. Babban kanu na mai bikin ne, a ce shi ne shugaban masu kula da injunan ƙasa, da hotonsa. Wannan kada ka manta da shi: mutane sun zo ne saboda shi, tarihi rakiya ya yi. A ƙasa ka sa gajerun labarai 3 da talla 2, kamar na mai gyaran haƙoran inji. Don takardar ta yi kamar ta tsufa, jiƙa buhunan shayi 3 a kofin ruwan zafi, ka shafa da soso, ta bushe, ka bi ta da dutsen guga. Sai bayan nan ka buga. In ka fara bugawa da firinta mai tawadar ruwa sannan ka shafa, rubutun zai zuba. In kuma ba ka goge ta ba, za ta cije a cikin firinta.

A bango ka ja igiya ka rataya katuna 10 bi da bi. Abin da ya faru da gaske a farin kati, ƙirƙirarre a ruwan ƙasa. Baje kolin Landan na 1851 gaskiya ne. Cewa a can aka nuna kammalallen injin, naku ne. Rarrabewar nan tana hana yara tafiya gida da ƙarya a matsayin ilimi, tana kuma kashe gardamar baƙon da ya san tarihi.

Faifai masu haƙora ka yanke su daga kwali, ka fesa musu fenti ruwan tagulla a waje, saura kwana 2, domin warin ya fita. Ƙwan lantarki mai haske ja-ja za ka sa, farin haske yana tona asirin kwali. Kyandir na gaske bai halatta ba a ɗakin da ke cike da takarda, ka yi amfani da mai batir.

Mai gabatarwa kada bayaninsa ya wuce minti 2. Sauran a bar wa ƙananan katunan da za a ba kowane baƙo, masu ɗauke da sana'arsa a wannan duniyar da labari ɗaya da zai ba na kusa da shi.

In mai bikin ya kawo jigon da ya taɓa cinikin bayi, kisan ƙare dangi ko addinin wani, ka ba shi haƙuri ka kawo masa wani. Ba ka san wanda kakansa ke cikin labarin ba a cikin mutum talatin ɗin nan.