Ku Tambaye Mu: Ta Ina Zan Fara Zagaya Tsohuwar Alƙahira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne daga Katsina, ina shekara ta biyu a Jami'ar Azhar, kuma ina zaune a masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya. Tun da na zo, ban san ko'ina ba sai hanyar makaranta da kasuwar Khan Halili, inda nake sayen tsaraba. Abokan zamana suna cewa kallon tsofaffin gine-gine aikin masu yawon buɗe ido ne, kuma ɓata lokaci ne ga mai neman ilimi. Shin haka ne? In ba haka ba ne, ta ina zan fara da ɗan guzurin ɗalibi?

Daga wani ɗalibi, Alƙahira.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba da ilimi mai albarka. Ban yarda da maganar abokanka ba, domin unguwar da kake ratsawa kullum ita ce wurin da aka koyar da yawancin abin da kake karantawa, kuma zai zama babbar asara ka shekara huɗu a gefenta ka koma gida ba ka san ta ba.

Ka fara da Titin Mu'izz, wanda tsawonsa kimanin kilomita ɗaya ne, daga ƙofar Babul Futuh a arewa zuwa Bab Zuwaila a kudu. Shi ne babban titin birnin da Jauhar, sarkin yaƙin daular Faɗimawa, ya kafa a shekarar 969, kuma masallacin Azhar da kake sallah a cikinsa an kammala shi ne a 972. Ka shigo ta Babul Futuh da sassafe, kafin rana ta yi zafi kuma kafin 'yan kasuwa su buɗe shaguna. Ƙofar an gina ta a 1087, masallacin Hakim kuwa yana jingine da ita, ba a kuma biyan kuɗi kafin a shiga shi.

Inda nake so ka daɗe shi ne tsakiyar titin, wurin da ake kira Bainal Ƙasraini. A nan ne Sarki Ƙalawun ya gina makaranta da asibiti da hubbare a haɗe, cikin shekarun 1284 da 1285. Ka tsaya ka yi tunani a kan abin da ya sa sarki zai ajiye ɗakin karatu da ɗakin jinya a ƙarƙashin wakafi guda, sannan ka tuna babin wakafi da ka haddace a fiƙihu; za ka ga yadda hukuncin da ke cikin littafi ya ciyar da malamai da ɗalibai da majinyata tsawon ƙarnoni. Kusa da shi akwai makarantar Sarki Barƙuƙ, sai kuma ɗan ƙaramin ginin Abdurrahman Katkhuda na 1744, wanda a ƙasansa ake shayar da masu wucewa ruwa kyauta, a samansa kuma yara suke karatun Alƙur'ani. Wanda ya tashi a makarantar allo ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin wannan gini.

Kada ka ce sai ka gama komai a yini ɗaya. Ka ware wata rana daban domin masallacin Sarki Hasan, wanda aka fara a 1356, inda kowace mazhaba daga cikin huɗun take da nata sashe. Ka nemi na Malikiyya da idonka. Daga nan masallacin Ibn Ɗulun na shekarar 879 ba shi da nisa a ƙafa, kuma a ganina babu wurin da ya fi shi natsuwa ga mai son yin muraji'a. Ganuwar Salahuddin, wato babban sansaninsa da ke kan tudu, tana iya jira sai ka sami sarari a aljihu.

Tun da kai Bakatsine ne, ka san cewa ba kai ne farkon mutanen ƙasarmu a wannan birni ba. Mutanen Kanem sun kafa makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, tsohon garin da ke kudancin Alƙahira, tun ƙarni na 13, ɗaliban Barno suna da nasu zauren a cikin Azhar, Imam Suyuɗi ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas, kuma malamin lissafi Muhammad al-Kashnawi a Alƙahira ya rasu wajen 1741. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa tarihin wurin na baƙi ne.

Game da kuɗi, masallatan da ake sallah a cikinsu kullum, irin su Azhar da Husaini, kyauta ake shiga, sai dai ɗan ihsanin da ake ba mai tsaron takalma. Wuraren da hukumar kayan tarihi ke kula da su ana yankar tikiti, amma akwai rangwame ga ɗalibai, saboda haka kada ka fita ba tare da katinka na jami'a ba, ka kuma riƙe kwafin fasfo da takardar zamanka. Tikiti guda yana shigar da mutum gine-gine da dama na Titin Mu'izz. Ka guji ɗaukar hoton jami'an tsaro ko wuraren da suke gadi, kuma in wani ya manne maka da sunan ɗan jagora, ka sallame shi da magana mai daɗi tun kafin ya fara.

Shawarata ita ce ka ja ɗaya daga cikin abokan naka ku tafi tare ranar Juma'a da safe, ku bi titin a hankali kuna karanta ayoyin da aka sassaƙa a jikin bango, ku hau hasumiyar Bab Zuwaila ku ga birnin daga sama, sannan ku dawo Azhar kafin liman ya hau mumbari.