Tambaya da Amsa: Lauyoyin wani kamfani sun ce in miƙa musu sunan shafina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara bakwai ke nan da na yi rajistar sunan shafina na intanet mai ƙarewa da .com, inda nake koya wa masu sha'awa ɗaukar hoto da gyara shi, kuma sunan ba komai ba ne illa kalmomi biyu na yau da kullum da na haɗa. A makon jiya sai ga wasiƙa ta imel daga lauyoyin wani kamfani da ban taɓa jin sunansa ba, suna cewa sunan ya yi kama da alamar kasuwancinsu, sun kuma ba ni kwana bakwai in miƙa musu shi ko su maka ni ƙara. Da na bincika sai na ga shekara uku kacal da kafa kamfanin. Wani abokina ya ce in yanka musu farashi mai tsoka tunda suna so. Shin in miƙa, in sayar, ko in yi shiru? — Wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, domin wasiƙar lauya ba hukunci ba ce, kuma wa'adin kwana bakwai da suka ɗiba maka nasu ne, babu wata doka da ta ajiye shi. An rubuta irin wannan wasiƙa ne don ta girgiza wanda aka aika wa, kuma sau da yawa tana cin nasara ba tare da an je ko'ina ba, saboda mai ƙaramin shafi yakan ga cewa ba shi da ƙarfin ja da kamfani. A cikin zaɓin nan uku da ka lissafa babu wanda zan ce ka yi a wannan mako, kuma zan faɗa maka dalili.

Duk wanda ya yi rajistar suna mai ƙarewa da .com ko .net ko .org ya riga ya amince, a cikin dogon rubutun nan da muke danna masa “na yarda” ba tare da mun karanta ba, cewa zai bi wani tsarin warware rikici da ake kira UDRP. Hukumar ICANN, wadda ke kula da tsarin sunayen intanet, ita ta kafa shi a shekarar 1999, kuma cibiyar da ta fi shahara wajen sauraron waɗannan ƙararraki ita ce ta WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke birnin Geneva, kodayake akwai wasu a Amurka da Asiya da Turai. Ba a zama a kotu, ba a kiran shaidu, komai a rubuce ake yi, kuma abin da masu hukuncin ke da ikon yi bai wuce su ce a mayar wa mai ƙara sunan ko a soke rajistarsa ba. Ba su da hurumin sa ka biya diyya ko kobo.

Kafin kamfani ya ƙwace suna ta wannan hanya, dole ya tabbatar da abubuwa uku gaba ɗaya, idan ɗaya ya faɗi ƙarar ta faɗi. Na farko shi ne sunan ya zo daidai da alamarsa ko ya yi kama da ita har mutum zai iya ruɗewa, wannan kuwa ba ya da wuya, kusan kowane mai ƙara yana tsallake shi. Na biyu shi ne ya nuna cewa kai ba ka da wani haƙƙi ko halastaccen dalili na riƙe sunan. Na uku shi ne ya nuna cewa da mugun nufi ka yi rajistar sunan, kuma da mugun nufi kake amfani da shi. Ka lura da wannan “kuma” ɗin da kyau, domin a kanta shari'arka take rataye. Mutum ba zai yi nufin cin amfanin sunan kamfanin da ba a ko yi mafarkin kafa shi ba a ranar da ya yi rajista, shi ya sa masu hukunci suka daɗe a kan cewa wanda ya riga alamar kasuwanci zuwa duniya, a mafi yawan lokuta, ba za a ce ya yi rajista da mugun nufi ba. Kai ka riga su da shekara huɗu, kuma ba ajiye sunan ka yi ba, aiki kake yi da shi, wanda tsarin ya ambata ƙarara a matsayin hujjar halascin riƙe suna matuƙar an fara shi kafin a sami labarin rikicin.

Sai dai akwai wani wuri da ake zamewa, kuma ina so ka duba shi tun yanzu. Sabunta rajista duk shekara ba ya sauya ranar farko, amma idan sunan ya koma hannun wani mai shi daban, daga ranar da ya koma ake fara lissafi. Wato da a ce bara ka saye shi daga hannun wani, tsufan sunan ba zai amfane ka ba. Idan kai ne mai shi tun farko har yau, to ka nemo imel ɗin da kamfanin rajista ya aiko maka ranar da ka biya kuɗin farko, ka haɗa da rasit na kowace shekara, da hotunan yadda shafin yake a shekarun baya, waɗanda za ka iya samu a rumbun Wayback Machine, da saƙonnin ɗalibanka masu ɗauke da kwanan wata. Takarda guda mai kwanan wata ta fi shafi goma na rantsuwa daraja a wannan fage.

Game da shawarar abokinka, ya yi maka ta ne da kyakkyawar niyya amma tana da haɗari. Misali na farko da tsarin ya kawo na mugun nufi shi ne mutum ya yi rajistar suna da babbar manufar sayar wa mai alamar a kan kuɗin da ya wuce abin da ya kashe. A shekarar 2004 labarin wani ɗalibi mai suna Mike Rowe ɗan shekara 17 a ƙasar Kanada ya karaɗe duniya, wanda ya yi rajistar mikerowesoft.com daga sunansa na yanka, sunan da idan aka furta shi yake fita kamar Microsoft. Lauyoyin kamfanin sun yi masa tayin dala 10, ransa ya ɓaci ya ce sai dala 10,000, su kuma suka ɗauki wannan amsa suka mai da ita hujjar cewa dama neman kuɗi ya sa ya yi rajistar. Abin da ya cece shi shi ne surutun jama'a, har aka sasanta ya miƙa sunan aka ba shi wasu kyaututtuka ciki har da na'urar wasa ta Xbox, amma ba kowa ne jaridun duniya za su tsaya wa ba. Sayar da sunan da kake da haƙƙi a kansa ba laifi ba ne, kuma idan daga baya ka ga farashin ya yi maka kana iya sayarwa, amma ka bari su fara yin tayi, kuma ka bari lauya ya yi maganar kuɗi bayan ya rubuta musu hujjojinka.

Shiru kuma ya fi duka muni idan har suka shigar da ƙara. Da zarar an shigar, kamfanin rajista zai kulle sunan yadda ba za ka iya mayar da shi wani wuri ba, sannan a ba ka kwana 20 ka mayar da martani, kana iya neman ƙarin kwana 4. Ana aika sanarwar ne zuwa adireshin imel da ke cikin bayanan rajistarka, kuma mutane da yawa sun rasa sunayensu ba don ba su da gaskiya ba, sai don sun yi rajista da tsohon imel da suka daina buɗewa. Rashin amsawa ba ya nufin mai ƙara ya ci kai tsaye, amma mai hukunci zai yanke ne a kan abin da ke gabansa, abin da ke gabansa kuwa labarin ɓangare ɗaya ne. Kuɗin ƙara a WIPO dala 1,500 ne idan mutum ɗaya zai yi hukunci, kuma mai ƙara ne ke biya. Idan kai ka nemi a sa mutum uku, kuɗin ya zama dala 4,000 ku raba biyu. Ko da hukunci ya zo ba yadda kake so ba, kamfanin rajista zai jira kwana 10 na aiki kafin ya aiwatar, kuma idan ka shigar da ƙara a kotun da ke da hurumi cikin wannan lokaci, sai a dakata. Idan kuma masu hukunci suka ga kamfanin ya san ba shi da hujja ya kawo ƙarar don kawai ya ƙwace, suna iya rubuta hakan a cikin hukuncin da kowa zai karanta, kodayake abin takaici babu tarar da ke biyo baya.

Kafin ka amsa musu, kada ka taɓa komai a shafin da zai sa ya yi kama da harkarsu, kuma ka duba tallace-tallacen da ke fitowa a kansa, domin ko na'ura ce ke zaɓo su, kai za a tuhuma idan na abokan gasarsu ne suka bayyana.

Tambaya: Malam, ni sana'ata gyaran kekunan ɗinki na wani sanannen kamfani da sayar da kayan gyaransu, kuma na sa sunan kamfanin a cikin sunan shafina tare da kalmar “gyara”. Ban taɓa samun izini daga gare su ba. Ina cikin haɗari? — Wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa, matsayinki ya fi na mai tambayar farko rauni, domin ba za ki ce ba ki san da kamfanin ba a ranar da kika yi rajista, amma ba ki rasa madafa ba. Tun daga wani hukunci na shekarar 2001 da ya shafi kamfanin Oki Data, masu hukunci suka riƙi wani ma'auni ga dillalai da masu gyara, har da waɗanda ba su da izini. Ana so a ga cewa da gaske kina sayar da kayan ko kina yin aikin, cewa kayan wannan kamfani kaɗai kike tallatawa a shafin, cewa kin bayyana a fili irin alaƙar da ke tsakaninki da su, kuma ba ki tattare sunaye masu yawa da ke ɗauke da alamarsu kin hana su ba. Sharaɗi na biyu ne ya fi kayar da mutane, domin mai gyara yakan ga babu laifi ya ƙara kayan wani kamfanin a gefe, alhali a idon mai hukunci ya jawo mutane da sunan wani ne ya sayar musu da kayan kishiyarsa. Ki rubuta a saman shafin farko, ba can ƙasa da ƙananan haruffa ba, cewa ke mai zaman kanki ce kuma ba wakiliyarsu ba ce, ki kuma cire tambarinsu idan kin ɗora shi a matsayin naki. A ganina, idan shafin bai daɗe ba, ya fi miki sauƙi ki gina sunan da ke naki na kanki, ki riƙa ambaton kamfanin a cikin bayanin aikinki.

Tambaya: Idan sunan nawa ne na yanka, ko kalma ce da kowa ke amfani da ita, shin babban kamfani ko shahararren mutum zai iya karɓe shi? — Wani mai karatu

Amsa: Alamar kasuwanci ba ta mallaka wa kowa kalma gaba ɗayanta. Ana yi mata rajista ne ƙasa-ƙasa, kuma a cikin rukunan kaya da ayyuka guda 45, shi ya sa sunan Delta yake kan jiragen sama yake kuma kan famfunan ruwa ba tare da ɗaya ya ci haƙƙin ɗaya ba. Matsalar ita ce kowane suna mai ƙarewa da .com, mutum ɗaya ne tak zai iya riƙe shi a duniya. A shekarar 2000 mawaƙin Ingila da ake kira Sting ya nemi a ba shi sting.com aka hana shi, kuma daga cikin dalilan har da cewa kalmar ta yau da kullum ce a Turanci, alhali a wannan shekarar mawaƙiya Madonna ta ci tata ƙarar a kan madonna.com. Shi kuwa Uzi Nissan, ɗan kasuwar kwamfuta a jihar North Carolina ta Amurka, ya yi rajistar nissan.com da sunan danginsa a 1994, kamfanin motoci na Nissan ya kai shi kotu a 1999, aka shafe shekaru ana fafatawa kuma sunan bai bar hannunsa ba, sai dai kotu ta same shi da laifi a kan tallan motoci da ya ɗora a shafin, kuma shari'ar ta ci masa dukiya mai yawa. Ka kuma sani cewa kotu ba kamar tsarin UDRP ba ce: a Amurka dokar da aka kafa a 1999 ta ba alƙali damar yanke diyya daga dala 1,000 zuwa dala 100,000 a kan kowane suna idan aka tabbatar da mugun nufi. Sunayen da ke ƙarewa da haruffan ƙasashe kuma kowace ƙasa da nata ƙa'idar, a tsarin .uk na Birtaniya, alal misali, ya isa a nuna cewa an yi rajistar sunan ko an yi amfani da shi ta hanyar cin zali, ba sai an haɗa biyun ba, don haka ka fara karanta ƙa'idar da ta hau kan naka sunan kafin ka amsa kowace wasiƙa.