Tsohon katin intanet ya ƙi aiki

Tambaya: Malam, na saka tsohon katin sadarwa a kwamfutar tebur mai Windows 7, amma manhajar da ke faifansa ta ƙi buɗewa. Ina mafita? Daga mai shagon buga takardu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malam, fara da ƙura, domin ƙurar hunturun Sakkwato ba ta barin komai. Kashe na'urar, cire wayar wuta, zare katin daga ramin PCI, ka goge haƙoransa masu ruwan zinare da robar goge fensir, sannan ka danna shi har ya zauna daram.

Manhajar faifan kuwa, ƙyale ta. Galibi don Windows 98 ko XP aka yi ta. Buɗe Device Manager, inda Windows ke jera kayan da ke cikin kwamfutar, ka nemi katin mai alamar rawaya, ka shiga Properties, Details, Hardware Ids. Lambar VEN ce ke nuna kamfanin da ya ƙera katin: VEN_10EC na nufin Realtek ne, 8086 Intel, 10B7 kuma 3Com. Lambar DEV ita ce samfurin, misali 8139. Da wannan za ka sauko da direba, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da katin, a wata kwamfutar, ka zaɓi Update Driver, ka nuna masa jakar da fayil ɗin .inf yake. Kula: direban 32-bit ba ya hawa 64-bit, nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

Idan fitilar katin ba ta kama ba, canja wayar intanet ɗin. Idan ipconfig, umarnin da ake rubutawa a Command Prompt don ganin adireshin kwamfutar, ya nuna adireshi mai farawa da 169.254, rauta, na'urar da ke raba intanet, ita ce ba ta ba shi lamba ba; a Properties na katin, ƙarƙashin Speed & Duplex, gwada 10 Mbps.