Kwangilar yunifom mai araha: in karɓa ko in bari?

Wani tela mai kekuna huɗu a Kano ya aiko da tambaya. Wata makaranta na so ya ɗinka mata yunifom 150, yadi nasu, a kan naira 3,500 kowanne. Shi kuwa 5,000 yake karɓa. Da ya haɗa duk abin da yake kashewa a wata ya raba da yawan kayan da yake ɗinkawa, sai ya ga kowane ɗinki na cin 4,000. Yana ganin idan ya karɓa faɗuwar 500 zai yi a kowanne.

Malam, lissafinka ba ƙarya ba ne, amma ka zuba kuɗi iri biyu a tukunya ɗaya. Akwai kuɗin da ke bin kowace riga: zare, maɓalli, zif, roba, ladan yaron da kake biya a kan kowane ɗinki, da man janareto, wanda tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya daina zama abin rainawa. A jerin da ka turo, waɗannan sun kama 2,200. Ragowar 1,800 ɗin hayar shago ce da kuɗin mai gadi da haraji. Su ko ka rufe shago ka tafi ƙauye biki, mai shago zai zo karɓar hayarsa.

To cire 2,200 daga 3,500, saura 1,300. Sau 150, naira 195,000 ke nan da za ta taya ka biyan hayar da dama tana wuyanka. Ka ga ba faɗuwa ba ce.

Sai dai ba ka faɗa mini yaushe suke son kayan ba, kuma nan ne maganar take. Idan lokacin da yara ke zaune suna latsa waya ne, kekuna biyu a rufe da ƙyalle, karɓa. Idan kuwa aikin zai faɗo cikin azumi, lokacin da mutane ke ɗebo shadda daga Kantin Kwari suna layi a ƙofarka, kowane yunifom zai tare gurbin kaftanin 5,000 da zai bar maka 2,800 bayan ka cire 2,200. Ka ajiye 2,800 ka ɗauki 1,300? A wannan lokacin ko dai su ƙara kuɗi ko su jira bayan Sallah.

Na sha ganin irin wannan kwangila ta kwantar da mutum ta wajen biya, domin makarantu da yawa sai iyaye sun kawo kuɗin zango suke sallamar mai aiki. Ka karɓi rabi kafin ka sa almakashi, ku rubuta ranar cikon a takarda. Kuma kada farashin nan ya fita bakin yaranka, don ranar da maƙwabcinka ya ji ka yi ɗinki a 3,500, shi ma haka zai ce a yi masa.