Amsoshin tambayoyinku: Nescafe da daddare, melatonin da asuba

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce: "Ina shan Nescafe ko lemon enaji da daddare saboda karatun jarrabawa, in na gama kuma barci ya ƙi zuwa. An ce in sayi melatonin, in saya?"

Ɗana kar ka saya tukuna. Da kuɗinka ka kori barcin, yanzu kuma za ka ƙara wasu ka kirawo shi? Melatonin ɗin nan ai jikinka na yin sa kyauta, ƙwaƙwalwa ce ke sakin sa in duhu ya yi, sai ya je ya maƙale a wasu gurabe biyu da ake kira MT1 da MT2, su ke shaida wa jiki cewa dare ya yi. Shi kuwa kafeyin da ke cikin Nescafe da enaji, har da goro da ataya, sai ya yi kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. A 2015 an gwada a Amurka, kofi mai ƙarfi awa 3 kafin kwanciya ya jinkirta fitowar melatonin da kusan minti 40. Ka maida shan naka safe, daga la'asar ka haƙura, karatun ka yi shi bayan sallar asuba.

Wani mai tuƙa keke daga Kano kuma wai abokinsa na da ƙwayar mayen da ake ce wa ice (methamphetamine), yana tambaya wane lokaci ta fi aiki, rana ko dare.

Malam ni za ka tambaya lokacin shan guba? Gaskiya ne dai masu bincike a Jami'ar Buffalo ta Amurka sun ba ɓeraye wannan ƙwayar, sun ga yadda take kama su ya danganta da lokacin da aka ba su, kuma waɗanda aka cire wa MT1 ko MT2 ba su nuna kwaɗayin komawa inda aka ba su ita ba. Neman hanyar maganin jaraba suke, ba jadawalin sha suka fitar ba. Ka rabu da abokin nan kafin NDLEA ta haɗa da kai.

Sai wata uwa daga Kaduna, likita ya ɗora ɗanta kan Ritalin saboda rashin natsuwa, yanzu sai sha biyun dare idonsa biyu, ta ga ana tallar alawar melatonin ta yara a WhatsApp.

Hajiya kwantar da hankalinki, wannan sananne ne da maganin, ba laifinki ba ne. Irinsa da safe aka fi bayarwa, in an kai shi yamma sai ya cinye barci. Ki koma wajen likitan ki faɗa masa ƙarfe nawa kike ba shi, sau da yawa gyaran lokaci kawai ake yi. Kar ki tsayar da shi da kanki.

Amma alawar nan don Allah ki bar ta. A 2017 an auna kayan melatonin iri 31 a Kanada, wani abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta a kwalba ba, wani ya ninka sama da sau biyar, wasu har da serotonin a ciki, wani sinadari daban mai aiki a ƙwaƙwalwa, wanda ba a rubuta ba. A 2023 aka auna alawa iri 25 a Amurka, 22 rubutun jikinsu bai dace da cikinsu ba. Can kenan fa, to ina ga wadda wata ta ɗora a sitatus tsakanin atamfa da turaren wuta, ba lambar NAFDAC, ranar lalacewa a kankare, ta wuni a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, kuma mutane na tura kuɗi ba ko tambaya saboda an ce "'yar waje ce". Yaro kuwa alawa zai ɗauke ta, in ya samu kwalbar sai ya ga bayanta. In likita ya rubuta melatonin, ki je famasi mai rajista, ki duba lambar da ranar, ki karɓi rasit, kwalbar kuma a kulle ta a durowa.